Amsa ga ƙanenmu mai shirin zuwa Bruges da yuro ɗari

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, wai kana so ka kwana ɗaya a Bruges ta Beljiyam da yuro ɗari a aljihu, ko zai isa, kuma ina za ka sauka. Wallahi sai da na ajiye waya na yi tagumi, don abin da ya same ni ke nan a shekarata ta farko a Jamus. Kuɗin zai isa, in dai ba ka yi irin wautata ba.

A watan Nuwamba na je. Na kama gado a wani masaukin matafiya, irin mai gado takwas a ɗaki guda, na biya rabin kuɗin ta intanet. Motar da na hau ta makara a hanya, jirgin ƙasan da na yi niyyar shiga daga Brussels ya wuce ni, sai bayan goman dare na sauka a tashar Bruges. Daga tasha zuwa tsakiyar gari tafiyar kusan minti 20 ce a ƙafa, kuma titunan tsohon garin duk daɓen duwatsu ne. Ni kuwa akwati mai taya na jawo, kamar maniyyaci. Ban yi nisa ba taya ɗaya ta ɓalle. Ga yayyafi, ga sanyi mai shiga ƙashi, na ɗora akwati a ka.

Da na isa, mutumin da ke karɓar baƙi ya dubi kwamfuta ya ce ai sun ba wani gadona tun ƙarfe tara, wai ban sanar da su zan makara ba. Na miƙa masa waya ya ga saƙon da na turo musu tun ina cikin mota. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce shi ba aikinsa ba ne duba saƙo da dare. To kuɗina fa? Wai sai dai in rubuta wa manaja. Abin da ya fi ƙona mini rai, yana maganar yana ɓare takardar cakulan, ni kuma ruwa na ɗiga daga rigata har ƙasa. Ko kujera bai ce in zauna ba. Sau uku na rubuta wa manajan nan, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na bar su da Allah. A daren sai da na biya kusan ninki biyu a wani wuri, rabin guzurina ya tafi kafin gari ya waye.

Don haka jakar goyo za ka ɗauka, kuma in ka ga za ka makara, kira su da murya, ka tambayi sunan wanda ya ɗauka. In gado ya yi tsada, duba Ghent, garin ɗalibai ne, jirgi bai fi rabin awa ba tsakaninsu. In ba ka kai shekara 26 ba, nemi rangwamen matasa a tikitin jirgi.

Kada yunwa ta zaunar da kai a gidajen abincin dandalin Markt. Kuɗin kallo kake biya, kuma a Beljiyam ko ruwan sha sai ka saya. Shiga kanti ka sayi burodi da cuku da ayaba, ka je bakin tafkin Minnewater ka ci abinka. Soyayyen dankalinsu ma da yawa da kitsen saniya suke soyawa, ka tambaya tukuna. Haka cakulan, wasu da giya a cikinsu, ni sai da na gutsura na gane.

Hasumiyar Belfort matakala 366 ce, kuma da kuɗi ake hawa. Yawon kwalekwale a hanyoyin ruwan garin kuma na rabin awa ne. Zaɓi ɗaya, aljihunka ba zai ɗauki biyun ba. Ni hasumiyar na hau, da baƙin cikin daren jiya a zuciya, na sauko gwiwa na rawa. Harabar Begijnhof, tsohon mazaunin mata masu ibada, da injinan niƙa na iska da ke gefen gari kallonsu kyauta ne.

Amma fa ka kwana. Masu zuwan yini suna cika garin da rana, da yamma su watse. Da na yi sallar asuba na fita Rozenhoedkaai, wurin da kowa ke turereniyar ɗaukar hoto, na tarar ba kowa sai ni da mai shara da hazo a kan ruwa. Nan ne kaɗai na ji raina ya yi sanyi.

Kada ka manta fasfo da katin zamanka. Akwatin nan kuwa har yau yana ƙarƙashin gadona da taya ɗaya, in akwai wanda ya san mai gyara a Cologne, don Allah ya yi mini magana.