Tambaya da Amsa: Daga ina warin fetur yake fitowa a mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008. Duk ranar da na cika tanki sai warin fetur ya game cikin motar, musamman wajen kujerar baya, amma idan mai ya sauka zuwa rabi sai warin ya ragu. Kwanakin baya an canza mini famfon mai. Na leƙa ƙarƙashi ban ga ɗigo ba. Me ke kawo haka? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Lokacin da warin yake zuwa shi ne ke nuna inda za a duba. Warin da ke tashi sai tanki ya cika yana nufin matsalar tana can saman tanki, inda mai ba ya kaiwa sai an cika. A motarka famfon mai yana cikin tanki, ta ƙarƙashin kujerar baya ake fito da shi. Tsakanin kan famfon da bakin tanki akwai zoben roba mai hana yoyo. Sau da yawa idan an canza famfo sai a mayar da tsohon zoben, wanda ya riga ya kumbura ko ya bushe, ko a ɗaure shi a karkace. Man da ya fita yana kwanciya ne a saman tanki ya bushe, shi ya sa ba ka ga komai a ƙasa ba.

Ka cika tanki, ka ajiye motar a fili inda iska ke kaɗawa, ka kashe inji. A ɗaga kujerar baya, a buɗe faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinta, a haska da tocila. Damshi ko ƙura mai maiƙo kewaye da kan famfon ya isa shaida.  Lokacin da famfo ke aiki kuwa, idan mahaɗin tiyon da ke fita daga famfon bai kama da kyau ba, nan take za a ga mai yana tsattsafowa. Maganin shi ne sabon zobe daidai da motar, idan kuma da notuna aka kama kan famfon, a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa kishiyarsa. Kada ka yarda a shafa gam a wurin, fetur yana cinye yawancinsa.

Idan wurin a bushe yake, a duba robar murfin tanki, da babban tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tanki. Akwai kuma wani akwatin gawayi da ke tsotse tururin fetur kafin inji ya ƙone shi. An yi shi ne don tururi kawai. Idan kan famfon gidan mai ya tsaya da kansa amma aka ci gaba da ɗura har ana girgiza mota, ruwan fetur yana iya gangarawa cikin gawayin ya jiƙa shi, daga nan wari ba ya ƙarewa sai an canza akwatin. Idan fitilar inji ta kama a sa na'urar da ke karanta lambar matsala daga kwamfutar mota: lambar P0455 babbar kafa ce a hanyar tururin, galibi murfin tanki, P0442 kuwa ƙaramar kafa.

Kafin a gyara, ka daina cika tanki, ka kuma ajiye gorar kashe gobara mai hoda a motar. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da cikin rami, kuma idan ya kai kusan kashi 1.4 cikin 100 na iska, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Tambaya: Honda Accord ɗina tana warin ɗanyen fetur ta salansa, tana baƙin hayaƙi, ga shan mai. Abin ya fara ne bayan bakanike ya cire tamostat, ya ce zafin ƙasarmu bai dace da shi ba. (Mai karatu daga Gombe)

Amsa: Hajiya, wannan ba yoyo ba ne, man da bai ƙone ba ne yake fita. Kwamfutar mota tana ƙara wa inji mai idan yana da sanyi, sai ta rage idan ruwa ya kai kimanin digiri 80 zuwa 90. In an cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, ruwa yana zagaya lagireto tun daga tashi, inji ya daɗe bai yi zafi ba, kwamfuta kuma ta ci gaba da ɗura masa mai. A mayar da tamostat. Zafin gari ba dalilin cire shi ba ne, idan mota tana zafi a nemi laifin a lagireto, ko fanka, ko famfon ruwa.

Daga nan a kwance fulogi a duba. Idan dukkansu sun yi baƙin toka, man ne ya yi yawa a injin gaba ɗaya, sai a gwada na'urar auna zafin ruwa da na'urar iskar oksijin da ke jikin salansa, lambar da ta saba fitowa ita ce P0172. Idan guda ɗaya ne ya jiƙe, ko wuta ba ta zuwa wannan silinda ko nozul ɗinta, mai fesa mata mai, yana ɗiga. A zaro ma'aunin baƙin mai a shinshina. In yana warin fetur ko ya haura alama, a juye shi a ranar, domin fetur yana tsinka shi har ya kasa kare ƙarafan inji. A tabbatar kuma ba a cire abin da ake kira indomi, mai tace hayaƙi a salansa ba, rashinsa kaɗai yana sa hayaƙi wari.

Tambaya: Da safe idan na tayar da mota na kunna na'urar sanyaya ciki, warin fetur ke fara shigowa, bayan mintuna sai ya ɓace. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, naka ne ya fi gaggawa. Iskar da ke shiga ciki daga gindin gilashin gaba take zuwa, saboda haka yoyon yana ƙarƙashin bonet, kusa da inji mai zafi da wayoyin wuta. Robobin da ke kan nozul suna ƙanƙancewa da sanyi su saki mai, idan inji ya ɗumama su kumbura su toshe. Ɓacewar warin ba gyaruwa ba ce. Da sassafe wani ya murɗa makulli, kai kuma ka bi bututun nozul da tiyo da farar takarda kana taɓa kowane mahaɗi.

Motar nozul tana tura mai da ƙarfin kusan ba 3 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), mai kafireto irin Peugeot 504 ba ta kai rabin ba ɗaya ba. Don haka tiyon kafireto ba ya zama a motar nozul, a nemi wanda aka rubuta wa SAE 30R9. Kafin a kwance komai a cire fis ɗin famfon mai, a bar inji ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir. A mai kafireto kuwa, a fara da duba fulot, wato abin da ke tsayar da shigar mai idan kafireto ta cika, ko ya maƙale mai yana ambaliya.

Tambaya: Dutse ya huda mini tanki, an liƙe da sabulu. Zan iya kai wa mai walda? (Direba daga Gusau)

Amsa: Sabulu na kai mota gareji ne kawai, ɗan'uwa. Tankin da aka juye ya fi cikakke hatsari a gaban wuta, domin tururi ne cike a cikinsa, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da shi. Tankin roba ba ya karɓar walda sam. Ka sayi wani tankin, kafin a ɗora kuma a duba cikinsa ko akwai tsatsa.