Waƙe Da Kiɗan Gargajiya A Ƙaramin Biki

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Jos. Muna shirya ƙaramin bikin fasaha a Bukuru cikin Disamba. Ina so a rera rubutattun waƙoƙi, a yi kiɗan gargajiya, amma matasanmu sun ce ba wanda zai zauna. In haƙura?

Amsa: Malama, kada ki haƙura. Na halarci irin wannan taro inda aka karanta waƙa kamar wasiƙa, mutane suka watse, abin ya dame ni ƙwarai. Rubutacciyar waƙar Hausa rerawa ake yi. Amsa-amo (daidaituwar sautin ƙarshen layuka) da kari (ma'aunin waƙa) ba sa fitowa sai a murya. Ki nemo mai murya, ko ɗalibar Islamiyya ce, ta rera baiti goma na ƙwar biyar, wato waƙa mai layi biyar a kowane baiti, jama'a suna karɓar amshi.

Gurmi da garaya a cikin aji za ki sa su, don sautinsu ba ya jure ƙarar janareta. Algaita kuwa a fili. Kakaki da tambari na sarauta ne, sai da izinin fada.

Ki fara bayan la'asar, ki tashi kafin magariba. Kin san sanyin Disamba a Filato, dattawa ba za su jira dare ba.