Tambayoyinku: Maigida Ya Ce Sai Mun Shiga Tseren Taɓo Tare

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 31, 'ya'yana biyu. Ƙungiyar motsa jikin da maigidana yake zuwa duk Asabar za ta shirya tseren kilomita 5 a watan Agusta, irin wanda ake haura katanga, a yi rarrafe cikin taɓo, a ɗauki buhun yashi. An ce ma'aurata za su iya shiga bibbiyu, shi kuma ya dage sai mun shiga tare. Wallahi ina so, amma rabona da gudu tun sansanin bautar ƙasa, ga maganar sutura. Sannan shi mutum ne mai gaggawa, ina tsoron ya bar ni a baya mutane suna kallo. Saura mako takwas. In shiga ko in ba shi haƙuri?

Daga wata 'yar'uwa a Rikkos, Jos.

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki shiga. Amma kafin ku biya kuɗin rajista, ki samu Baban yara bayan sallar Isha, yara sun yi barci, ki tambaye shi abu guda: "Gasa za ka je ci, ko tare za mu je?" Duk sauran damuwarki ƙanana ne a kan wannan.

Na faɗa miki haka ne don ni ma na taɓa shiga. Ni da maigidana mun yi irin wannan tsere da damina, kuma ba mu yi wannan maganar ba. Ana busa usur ya yi gaba. Na iso katangar katako ni kaɗai, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, tafin hannuna duk laka, na kama sama na sulluɓe har sau uku. Wani bawan Allah ya miƙo min hannu, na ce masa na gode, na tsaya gefe. Ba gajiya ce ta sa idona ya ciko ba. Can sai ga shi ya dawo da gudu, yana haki, bai ce komai ba. Ya durƙusa cikin taɓon, ya kafa gwiwa, ya ce, "Taka nan." Na taka cinyarsa, na taka kafaɗarsa, na haye. Har yau ina tuna sawun kambas ɗina a bayan rigarsa. Daga nan har ƙarshe kafaɗa da kafaɗa muka yi, amma da mun yi magana tun a gida, da ban tsaya gindin katangar nan ni kaɗai ba.

Ki kuma sanar da shi cewa wasan kansa bai hana jiran juna ba. Tough Mudder, wani sanannen tseren taɓo irin wannan da aka fara a Amurka a 2010, ya yi suna ne da cewa ba tseren wa ya riga wa ba ne, ana ɗaga juna ne a haye. Ku ƙulla yarjejeniya: tafiyar mai rauni ita ce tafiyarku, shi kaɗai zai ɗaga ki, kuma duk shingen da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba ki kewaye shi. Ku tambayi masu shiryawa tun yanzu ko ƙa'idarsu ta yarda da hakan.

Sutura tana yiwuwa sarai. Dogon wandon motsa jiki, riga mai dogon hannu wadda ta sauko gwiwa, duka masu duhu, don kaya masu haske in sun jiƙe sai su nuna jiki. Ki guji auduga, tana shan ruwa ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Hijabi kuwa ƙarami na wasanni wanda ake zurawa, ki cusa ƙasansa cikin riga. Babu fil, babu mayafi mai ja, saboda wajen rarrafe ƙarƙashin waya ko raga zai iya sarƙewa ya ja miki wuya. Zobe da awarwaro a bar su a gida. Kambas kuma tsoho wanda ƙafarki ta saba da shi, ki ɗaure igiyar tamau, taɓo yana cire takalmi.

Mako takwas ya isa kilomita 5 in ba ki da wata larura. In kina da ciki, ko ba ki daɗe da haihuwa ta tiyata ba, ko kina da hawan jini, sai likita ya ba ki izini. Ki fara da kwana uku a mako: gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, na tsawon minti 20, kina ƙarawa a hankali. Ki riƙa ɗaukar jarka mai lita 10, kilo 10 ke nan, kina zagaya tsakar gida, don ƙarfin riƙo shi ne yake fara ƙarewa. Ranar Asabar ku tafi wajen duwatsun Shere tare, hawa da gangara za su yi miki abin da titi ba zai yi ba.

Abin da na fi so ki riƙe bayan maganarki da maigida shi ne ruwan taɓon. Kada ki haɗiye shi. A 2012, a jihar Nebada ta Amurka, mutum 22 suka kamu da ciwon ciki da gudawa bayan irin wannan tsere da aka yi a gonar shanu, kuma haɗiyar ruwan taɓo aka ɗora wa laifin. Ki rufe baki in za ki shiga rami, ki lulluɓe duk wani rauni da filasta, ki duba katinki na awon ciki ki ga yaushe aka yi miki allurar tetanus ta ƙarshe. Sannan mu mutanen Jos muna da namu haɗarin: tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Samansu luf, ƙasansu zurfi, kuma sun ci rayuka. In hanyar tseren ta ratsa cikin ɗaya daga cikinsu, ku fasa, ko da kun biya.

Kin san sanyin Agusta a garin nan, balle da jiƙaƙƙun kaya. Ki haɗa jaka tun ana gobe tseren: tawul, doguwar riga, hijabin sallah, silifa, sabulu, leda babba ta zuba kayan laka, da filas na shayi mai citta. Ku ajiye jarkar ruwa mai tsabta a but ɗin mota don ku wanke jiki kafin Azahar. Yaran kuma ki roƙi Hajiya ta riƙe muku su tun da safe.