Tambaya da Amsa: Gobarar daji a Ostiraliya da gidajen masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikata a wani gida da ke bakin daji a jihar Biktoriya. Mutum huɗu muke kula da su, biyu a keken guragu. An ce mu rubuta tsarin ko-ta-kwana kafin zafi ya kankama. Yaushe ya kamata mu kwashe su: da zarar mun hango hayaƙi, ko sai 'yan kwana-kwana sun ce a fita?

Wa'alaikumus salam, Malama. Duka biyun makara ce. A jihar taku, ranar 7 ga Fabrairu 2009, wuta ta kashe mutum 173, da yawa a cikin gidajensu, wasu kuma a kan hanya suna ƙoƙarin tserewa. Hucin wutar daji yana kisa tun kafin harshenta ya iso, iska tana jefa tartsatsi kilomitoci a gabanta, kuma duk hawan tudu na digiri 10 yana ninka gudunta. Saƙon gargaɗi ta waya ma ba abin dogaro ba ne kaɗai, domin turakun sadarwa su ma suna ƙonewa.

Abin da za ki ɗaura tsarinki a kai shi ne hasashen haɗarin wuta na kullum. Tun 1 ga Satumba 2022 ƙasar gaba ɗaya take amfani da matakai huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo, sai ja, wanda suke kira Catastrophic. A ranar ja umarnin hukuma shi ne a bar yankin tun daren jiya ko da sassafe. Mu dai a ganinmu, gida mai keken guragu biyu bai kamata ya jira ja ba. Ku rubuta cewa ruwan lemo ma ranar tafiya ce. Kada a rikita wannan da gargaɗin nan mai matakai uku da ake fitarwa bayan wuta ta riga ta tashi. Wanda ya jira mataki na uku, sau da yawa abin da zai ji shi ne lokacin fita ya wuce.

Sai lissafin lokaci, kuma nan ne yawancin tsare-tsare ke rushewa. Ki ɗauki agogo ku yi gwaji na gaske: a ɗaga mutum daga gado da na'urar ɗagawa, a zaunar da shi a keke, a hau da shi mota, a ɗaure keken a kusurwoyi huɗu, a sa masa bel. Ku maimaita da dare, lokacin da ma'aikaci ɗaya ne a bakin aiki. In motarku keke ɗaya take ɗauka, sawu biyu ke nan, to wa zai zauna da wanda aka bari? Kada ki sa tasi mai ɗaukar keke a lissafi, a irin wannan rana kowa ita yake nema. Tankin mota kada ya sauka ƙasa da rabi duk tsawon lokacin zafi.

Masauki ya zama biyu, hanya ma biyu. Ki je da kanki ki auna faɗin ƙofar banɗaki, ki duba soket kusa da gado. Cibiyoyin agaji galibi ɗakunan taro ne, ba lallai a sami na'urar ɗagawa ko gadon jinya ba. Wuraren fakewa na unguwa kuwa, wasunsu filin ƙwallo ne kawai, an tanade su ne don wanda dabara ta ƙare masa.

Ta fuskar doka, tun Janairun 2022 ƙa'idojin hukumar da ke sa ido kan shirin NDIS, wato shirin ƙasa na tallafa wa masu buƙata ta musamman, sun wajabta wa cibiyoyi masu rajista su tanadi tsarin, su shawarci waɗanda suke yi wa hidima, su gwada shi, su horar da ma'aikata. Littafin P-CEP na Jami'ar Sydney, na tsara shirin ko-ta-kwana, zai taimaka miki wajen zama da kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, tun daga maganinsa da sufurinsa har zuwa karen da ke yi masa jagora. A taƙaita bayanin kowa a shafi guda: magunguna da adadinsu, irin laushin abincin da yake iya haɗiyewa, yadda yake nuna ciwo in ba ya magana. Ma'aikacin da bai taɓa ganinsa ba ne zai iya karanta shafin.

Malam, wanda nake kula da shi yana amfani da na'urar oksijin. Mun yi masa rajista da kamfanin lantarki a matsayin mai dogaro da na'urar, ashe ba shi ke nan ba?

Da sauran aiki. Rajistar tana sa a sanar da ku kafin a ɗauke wuta don gyara, amma ba ta hana waya ƙonewa, ba ta kuma yi muku alkawarin a dawo da taku da wuri ba.

Ka zagaya gidan da takarda ka rubuta duk abin da ke cin lantarki. Na'urar oksijin kowa yana tunawa da ita. Waɗanda ake mantawa su ne katifar iska, wadda in ta sace gyambon kwanciya ke biyo baya, da cajar keke, da famfon tura abinci ta bututu, da injin jan ruwa daga tanki, da wayar gida mai bi ta intanet. Akwai kuma ƙofar gareji: wuta ta ɗauke, mota tana ciki a kulle. Kowane ma'aikaci ya san jar igiyar da ake ja a buɗe ta da hannu.

Lissafin batir ba wuya. Duba wat ɗin da ke jikin na'urar ka ninka da awanni. Na'ura mai wat 350 a awa 10 tana cin wat-awa 3,500, ƙaramin batir mai 1,000 kuwa ba zai kai awa uku ba. Shi ya sa tukunyar oksijin ta ajiya ta fi amfani. Kamfanin da ke kawo muku zai faɗa maka awa nawa take yi a kan litar da likita ya rubuta. A nisanta ta da duk wata wuta. Janareto a waje yake zama, nesa da taga, saboda hayaƙinsa mai kisa ba ya wari. Insulin yana son digiri 2 zuwa 8, a sa shi a cikin kula mai sanyi, amma kada ya taɓa ƙanƙara, in ya daskare ya lalace. Tanadin kwana uku shi ne mafi ƙaranci, mako guda ya fi: a garin Mallacoota na jihar Biktoriya, ƙarshen 2019, hanya ta toshe har sai da jirgin sojan ruwa ya kwashe mutane.

Wuta tana nesa da mu amma hayaƙi ya rufe gari. Takunkumin fuska na asibiti ya isa?

Bai isa ba. Sai takunkumi samfurin P2 ko N95, kuma sai ya manne da fuska. Gemu yana buɗe masa kafa. Mai ciwon huhu ko zuciya a tambayi likitansa tukuna, wanda kuma ba zai iya cire shi da kansa ba kada a sa masa. Gara a ware ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, a sa na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa juya iskar ciki, a kunna matacin iska mai HEPA. Maganin shaƙa na mai asma ya kasance a hannunsa.

Ina ziyartar wani dattijo kurma da ke zaune shi kaɗai a jihar New South Wales. Me zan yi masa?

Rediyon ABC da jiniya ba za su amfane shi ba. Ki saka masa manhajar Hazards Near Me, ki zana yankinsa, ki kunna jijjiga. Ki adana masa lambar 0444 444 444 da suna, daga ita saƙon gaggawa ke zuwa, kada ya ɗauka 'yan damfara ne. In yana da na'urar rubutu ta kurame, 106 zai kira maimakon lambar gaggawa ta 000. Ki nemi maƙwabta biyu da za su je ƙofarsa da ƙafa, ɗaya yana da makulli. Sannan ki cika masa takardar shirin AIDER na hukumar kashe gobarar karkara ta jihar: kyauta suke zuwa su kwashe busassun ganye daga indararo, su rage rassa da ciyawar da ke jikin gida. Ki nema tun kafin 1 ga Oktoba, ranar da lokacin haɗarin gobara ke farawa a yawancin jihar.