Tanki da Injin Ban Ruwa: Amsoshin Wasiƙun Manoman Rani

Wani manomi ya rubuto cewa yana da tanki mai zagaye, faɗin bakinsa mita 2, tsayinsa mita 1.5. Ɗansa ya yi masa lissafi ya ce yana cin lita 18,840, amma kullum ruwan na ƙarewa bai kai rabin gona ba. Yana tambaya ko tankin yoyo yake yi.

Malam, tankinka lafiyarsa ƙalau, matsalar a lissafin take. Wallahi na gaji da ganin wannan kuskure a wasiƙunku. Rabin faɗin baki ake ɗauka, ba dukan faɗin ba. Naka rabinsa mita 1 ne. Ka ninka shi da kansa, ka ninka da 3.14, sannan ka ninka da tsayi, sai ka sami 4.71. Kowane ɗaya a nan lita 1,000 ne, wato tankinka lita 4,710 yake ci. Yaron ya yi aiki da 2 a inda ya kamata ya sa 1, shi ya sa amsarsa ta ninka gaskiya sau huɗu. Kada ka yi masa faɗa, ka zaunar da shi ya sake da hannunsa. In hawa tankin zai yi wuya, ku zagaya jikinsa da igiya, ku auna igiyar, ku raba da 6.28, rabin faɗin ke nan. Rijiya ma haka ake yi mata, amma zurfin ruwan za ka auna, ba zurfin ramin ba.

Yanzu dubi gonar. Ruwa mai kaurin milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne cur. In kwatan hekta gare ka, kana son ba ta milimita 5, lita 12,500 kake bukata. Sai ka cika tankin kusan sau uku. To ina yoyo a nan?

Wani kuma ya ce injinsa ba ya ba da ruwan da aka rubuta a jikinsa. Ɗan'uwa, wannan adadi na lokacin da injin ba ya tura ruwa sama ne, ba ya kuma kai shi nesa. Ka tara bokiti mai lita 20 a ƙarshen tiyo, can inda ruwan ke zuba a gona, ka duba agogo. In ya cika a daƙiƙa 10, lita 120 kake samu a minti ɗaya, kuma tanki mai lita 4,710 zai cika a kamar minti 39. Ka gwada sau uku ka ɗauki tsaka-tsaki.

Mai tambaya ko ya ƙara tiyo siriri don ruwa ya ƙara ƙarfi: a'a, tsartuwa kawai zai ƙara, amma litar da ke isa kwamin shuka raguwa za ta yi.