Oga ya ce mu ɗauke sheƙar tsuntsaye mu kai wata bishiya, ya halatta?

Tambaya: Salam Malam. Ina aiki a wani wurin haƙar kwal, ni ke kula da masu share fili. An ce mu faɗaɗa ramin sati mai zuwa, sai ga wata babbar bishiya a gefen cike da sheƙar balbela, can gaba kuma ungulu ta yi kwanci a kan wata. Oga ya ce mu sauke su a hankali mu kai wata bishiyar, wai ai tsuntsu mai fiffike ne zai bi abinsa. Wallahi raina bai kwanta ba, me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, kar ku taɓa su.

Wannan magana ta "ai mai fiffike ne" na gaji da jinta, kusan duk wurin haƙa da na shiga sai wani ya faɗa min ita yana murmushi kamar ya warware matsala. Uwar tana da fiffike, to ƙwan fa? Ɗan da ko gashi bai fito masa ba fa? Yawancin tsuntsaye wurin da sheƙar take suka sani, reshen nan, kusurwar nan, ba wai ƙwan suke ganewa su bi shi ba. Ka ɗauke ka kai wata bishiya, uwar za ta dawo tana ta zagaya inda ta bari har ta haƙura, ƙwan kuma yana can yana lalacewa. Ƙwai yana buƙatar ɗumi na wajen digiri 37 zuwa 38 kusan ba yankewa, in aka tada uwar da tsakar rana zafin rana ya kashe ɗan da ke ciki, in da dare ne sanyi ya kashe shi, ga hankaka yana gefe yana jira ta ɗaga ya sauka. Kuma ba sai kun sare bishiya ba kafin ku yi ɓarnar, ƙarar nakiya, katafila tana kai-kawo a gindinta, lebura da ya zauna a inuwarta yana hutawa, duk suna tada uwar sau goma sau ashirin a yini, a haka sheƙa ke mutuwa ba wanda ya lura, sai a ce ai da kansu suka tafi.

Ita ungulun nan ta fi tayar min da hankali. Ƙwai ɗaya tak take yi, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. In wannan ya lalace shekararta ta tafi a banza. Ƙaramar ungulun Afirka tun 2015 aka sa ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, don haka ƙwai ɗayan nan ba ƙaramin abu ba ne. Balbela da sauƙi, kwana 23 ko kusa da haka ta ƙyanƙyashe, bayan kamar wata ɗaya 'ya'yan sun fara tashi, amma ba rana ɗaya duk suke yin ƙwai ba, sai an bi an duba.

Abin yi shi ne a canza tsarin aiki, a fara da ɗaya ɓangaren ramin, a zagaye wurin da igiya mai launi, a hana mota da mutum shiga. Nisa ya danganta da irin tsuntsun da kuma ko akwai tudu ko bishiyoyi da suka kare shi. A Amurka ƙa'idar da suka fitar a 2007 don mikiya mai farin kai ta ce a bar kamar mita 200, fasa dutse da nakiya kuma wajen mita 800. Ba aya ba ce, amma ka ga irin tazarar da ake magana. Ka sa mutum ɗaya ya tsaya daga nesa da madubin hange, in uwa tana miƙewa daga kan ƙwai duk sanda aka yi ƙara, kun matso da yawa, ku ja baya.

Wurin kwanansu ma haka, fitilun dare a karkatar da su ƙasa su daina haska bishiyar, janareta a matsar da shi, kuma kar a fasa dutse da magariba lokacin da suke sauka. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu zuwa duba muhalli da tsakar rana, tsuntsaye duk sun tafi kiwo, su rubuta ba a ga komai ba a buga hatimi. Wa ke ƙirga balbela da azahar?

In oga ya ce aiki ba zai jira tsuntsu ba, gaya masa a Ostireliya a 2019 mahaƙar kwal ta Carmichael a jihar Queensland sai da ta jira aka amince da tsarin kare wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai baƙin maƙogwaro. Ka ɗauki hoto yau daga nesa, ka rubuta kwanan wata, ka kai wa jami'in muhalli na wurinku a rubuce, ka riƙe kwafi ɗaya a hannunka.