Tambaya da Amsa: Ina Sayar da Yaji a Makaranta, Me Jami'a Za Ta Yi Mini?

TAMBAYA: Anti, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata jami'a a nan Legas. Ina daka yajin tafarnuwa da na ƙuliƙuli ina zubawa a robobi, har ƙawayena Yarabawa da Ibo suna saye. Baba yana harkar barkono a kasuwar Mile 12, kuma ya ce kada sana'a ta shagaltar da ni daga karatu. Na ji ana cewa jami'o'i na tallafa wa ɗalibai masu sana'a. Gaskiya ne? Ta ina zan fara?
Daga wata ɗaliba, Agege.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya sa wa sana'arki albarka. Gaskiya ne, amma kada ki sa rai za a kira ki ofis a damƙa miki jari. Abin da jami'a ta fi shi ne horo da masana da haɗa ki da mutane, kuma sai wanda ya je ya nema yake samu.

Tun wajen 2006 aka wajabta darasin koyon kasuwanci a jami'o'in ƙasar nan ta hannun NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Yawancin ɗalibai haddace shi suke yi don su ci jarrabawa. Ke kuwa kina da sana'a a hannu, don haka duk aikin da aka ba ku, ki yi shi a kan yajinki: nawa kike kashewa, nawa roba ɗaya ke tashi, ina ribar. Jami'o'i da dama kuma suna da cibiyar koyar da sana'a. Jami'ar Legas da ke Akoka tana da tata. Ki nemi ta makarantarku, ki tambayi lokacin baje koli da gasar ɗalibai. Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu Hausawa kan ja baya a irin waɗannan wurare, alhali a kasuwa suka tashi.

Inda nake so ki fi mayar da hankali shi ne sashen kimiyyar abinci ko na nazarin ƙwayoyin cuta. Kin san raɓar Legas. Yajin da zai yi watanni a Kano lafiya lau, a nan da damina sai ya dunƙule. Gyaɗa da busasshen barkono kuwa, in suka sha lema, suna yin fumfuna mai guba wadda ke lahanta hanta, kuma ba kullum ido ke ganinta ba. Ki ɗauki roba ɗaya ki je wurin malami a sashen, ki gaishe shi, ki roƙi ya nuna miki yadda ake busarwa da irin mazubin da iska ba ta shiga, da tsawon lokacin da yajin zai yi. Ranar da za ki nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don ki shiga manyan shaguna, wannan ilimin za ki dogara da shi. Kafin nan ki yi rajistar sunan sana'ar a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Kuɗi ya fi zuwa daga waje. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman shiga shirinta a farkon Janairu, tana ba waɗanda aka zaɓa horo da jarin dala 5,000. Akwai asusun LSETF na jihar Legas da aka kafa a 2016, wanda ke ba da rance. Shi sai kina da katin LASRRA, wato katin shaidar zama a jihar Legas. Duk za su so ganin lissafi, don haka ki sayi littafi yau ki fara rubuta shige da fice.

Maganar Baba kuwa tana kan hanya, kada ki yi musu da shi. Ki faɗa masa kamfanin Jobberman, mai haɗa masu neman aiki da masu ɗauka ta intanet, ɗalibai uku na jami'ar Ife ne suka fara shi a 2009 suna makaranta. Ki keɓe Asabar don daka, ki ajiye tabarya lokacin jarrabawa, ki riƙa nuna masa sakamakonki tare da littafin lissafin. Ki roƙe shi ya riƙa zaɓo miki barkono da kansa. In kuma a ɗakin kwanan ɗalibai kike sayarwa, ki fara tambayar ofishin kula da harkokin ɗalibai ko ana buƙatar izini.